Yadda ake mayar da littafin siyasa mai zurfin tunani ya zama fim a Sakkwato

Tambayar da matasan marubuta da 'yan fim na Sakkwato ke yawan turo mini ita ce: mun karanta wani ƙagaggen labari na siyasa, irin wanda marubucinsa kan cinye shafi biyar yana auna ma'anar adalci da mulki, muna son mu yi fim ɗinsa, ta ina za mu fara? Wasu har sun zaɓi jarumi, sun fara cinikin hayar kyamara, alhali ko gaisuwa ba su kai wa marubucin ba. To ga yadda aikin yake tafiya, daki-daki. A bi jerin yadda yake, domin wanda ya tsallake matakin farko zai biya kuɗinsa a na ƙarshe.

Don kada magana ta tsaya a iska, zan riƙa buga misali da wani littafi da na ƙaddara: malamin sakandare ne mai yawan karatu, aka naɗa shi mai ba ciyaman ɗin ƙaramar hukuma shawara. Rabin littafin tunanin zucinsa ne, yana tambayar kansa ko mutum na iya shiga gwamnati mai ɓarna ya gyara ta daga ciki, ko kuwa ita ce za ta lanƙwasa shi.

1. Izinin marubuci, a rubuce

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar wa marubuci shi kaɗai ikon yarda a mayar da littafinsa fim, kuma wannan iko na nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Idan ya rasu, magada za ka nema. Idan wani kamfanin ɗab'i ne ya buga littafin, ka nemi ganin yarjejeniyar da ke tsakaninsu, don wani lokaci haƙƙin yana hannun kamfanin. Idan kuma fassara ka karanta, mutum biyu ke da haƙƙi a kanka: mai asalin littafin da mai fassara.

Kada ka sayi haƙƙin gaba ɗaya tun kana neman kuɗin aiki. Ku yi yarjejeniyar riƙo: ka biya wani abu kaɗan, marubuci ya yarda ba zai ba kowa littafin ba har wata 12 ko 18, cikon kuɗin ya biyo baya ranar da aka fara ɗauka. Takardar ta faɗi ko fim ɗaya ne ko mai dogon zango, a wane harshe, a ina za a nuna shi, nawa ne rabon marubuci a abin da aka samu, yaya sunansa zai fito, sannan wa ke da maganar ƙarshe idan aka yi saɓani a kan canjin labari. Wannan na ƙarshe shi ne wanda kunya ke hana mutane rubutawa, kuma shi ne ke raba zumunci.

Hattara: "Ai Malam ya ce ba komai" ba izini ba ne. Doka na buƙatar a rubuta mallakawa ko izini na keɓe, wato wanda aka ba ka kai kaɗai. Ka kai wa lauya ya duba, ko da marubucin kawunka ne.

2. Karatu uku da biro kala uku

Karatun farko ka yi shi kamar kowane mai karatu, ba biro a hannu. A na biyu ka sayi kwafin da ba ka jin tausayinsa, ka riƙa ja masa layi: kala ɗaya ga abin da ido ke iya gani, kala ta biyu ga abin da wani ya faɗa da baki, ta uku ga abin da ke cikin zuciya ko sharhin marubuci. A irin waɗannan littattafai kala ta uku ce za ta rinjaye, kuma ita kyamara ba ta ganinta. Girman aikin da ke gabanka ke nan.

Bayan karatu na uku ka rufe littafin, ka rubuta tambayar da yake yi a jimla ɗaya. Tambaya na ce, ba amsa ba. "Cin amana ba kyau" hudubar Juma'a ce, kowa ya yarda da ita tun kafin ya zauna kallo. "Nawa mutumin kirki zai iya haɗiyewa kafin ya daina zama na kirki?" ita ce za ta riƙe mai kallo. Ka manna jimlar a bangon ɗakin da kake rubutu. Duk fitowar da ba ta taɓa ta ba, ko da ta fi kowace daɗi a littafin, ta kama hanyar fita.

3. Mayar da tunani ya zama aiki

Nan ne fim ke yin rai ko ya mutu, don haka zan daɗe a nan.

A ce a littafin akwai shafi takwas inda Malam ke kwance da dare yana muhawara da kansa a kan ko halal ne a yi ƙaramar ƙarya don a tsare babbar maslaha. Abin da sabon marubucin fim kan yi shi ne ya zaunar da jarumi a bakin gado, ya sa masa hannu a haɓa, a ɗora murya tana karanta shafukan. Minti biyu da farawa mai kallo ya ɗauki wayarsa.

Abin yi shi ne a ƙirƙiro zaɓi mai tsada. Ciyaman ya ajiye masa takardar shaidar cewa an kammala rijiyar burtsatsen wani ƙauye, alhali ko bututu ba a kai ba. A ranar kuma Innarsa na kwance asibiti, ana jiran kuɗin tiyata. Ciyaman ya ce, "Malam, in ba ka sa hannu ba wani zai sa, kuma shi wancan ba zai tuna da rufin makarantarku ba." Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni zuwa gobe." Sai kyamara ta bi shi a kan babur har ƙauyen, ya tsaya yana kallon 'yan mata da jarkoki sun nufi rafi. Bai ce komai ba. Washegari a nuna hannunsa da biro. Shafi takwas ɗin nan sun shiga cikin minti huɗu, kuma mai kallo ne da kansa ke yin muhawarar.

Hanya ta biyu ita ce raba hujja ga bakuna biyu. Abin da Malam ke gardama da kansa a kai, ka ba matarsa ɓangare ɗaya, ka ba tsohon abokinsa na ƙungiyar malamai ɗayan. Sharaɗi shi ne kowannensu ya kasance yana son wani abu a wannan fitowar. Matar tana son a biya kuɗin haya, abokin yana son Malam ya kwarmato wata takarda. Idan ba abin da suke nema sai bayyana ra'ayi, ka rubuta shirin tattaunawa na Rima Rediyo ne, ba fim ba.

Ta uku, ka nemi wani abu da hannu ke taɓawa wanda zai riƙa canzawa tare da mutumin. Babur ɗin Malam da ya koma motar ofis. Wurin zamansa a majalisar ƙofar gida, inda da yake kan tabarma, yanzu ana kawo masa kujera, samari na yin shiru in ya iso. Abu ɗaya ko biyu sun isa, kuma kada wani a cikin fim ya yi bayaninsu.

Ɗora muryar zuci ba haramun ba ce, amma ni a ganina a ajiye ta ga wurin da abin da mutum ke faɗa a ransa ya saɓa wa abin da muke gani yana yi. Yana rantsuwa a zuci ba zai karɓa ba, hannunsa na buɗe ambulan. Nan tana da aiki.

Hattara: kada ka mayar da ciyaman dodo mai ƙaton ciki da dariyar mugunta. Ka ba shi hujja mafi ƙarfi a fim ɗin, irin wadda kai kanka sai ka yi jim kafin ka amsa. Garin nan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo suka bar wa rubuce-rubuce a kan mulki da adalci, kuma har yau ana karanta su a zaure da jami'a. Masu kallonka sun saba jin hujja mai nauyi, za su gane in ka sauƙaƙa wa jaruminka.

4. Yanka da haɗewa

Ƙa'idar da ake aiki da ita ita ce shafi ɗaya na rubutun fim daidai yake da kusan minti ɗaya a allo. Fim mai minti 100 ke nan shafi 100 ne masu yawan fili, littafinka kuwa wataƙila ya kai shafi 300 cike taf. Yanzu ne za ka yanke shawara: fim ɗaya, ko zango mai kashi shida zuwa takwas? Idan tambayar littafin na bin mutum ɗaya zuwa hukunci ɗaya, ka yi fim ɗaya. Kada son yawan kashi a YouTube ya sa ka ja labarin da bai da tsawon.

Ka sayi ƙananan katuna, kowace fitowa kati ɗaya: wa ke ciki, me yake so, me ya canza kafin a fita. Ka shimfiɗa su a ƙasa. Fim ɗaya kan ci kati 40 zuwa 60. Kansiloli huɗu masu hali iri ɗaya su koma mutum ɗaya, shekara goma su koma kakar zaɓe ɗaya, yarintar jarumi ta tafi in ba dole. Wannan ba cin amanar littafi ba ne. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka sake gina shi a matsayin wasan kwaikwayo, kafin Adamu Halilu ya fito da fim ɗinsa a 1976.

Hattara: idan za ka canza ƙarshen labari, marubuci ya ji daga bakinka yanzu, kada ya gani ranar haskawa. Doka ta ba shi damar ƙin yarda da sauyin da zai zubar masa da mutunci.

5. Rubutun fim da karatun zaure

Ka fara da taƙaitaccen labari na shafi 8 zuwa 10 ba tare da zance ba, sannan cikakken rubutu. Manhajar Trelby kyauta ce, Final Draft ta kuɗi ce. Kowacce za ta tsara maka shafi yadda lissafin minti zai yi daidai. Ka sa ran sake rubutu sau uku aƙalla.

Hausar littafi daban take da ta baki. Jimlar da ta yi kyau a takarda kan sarƙe harshen ɗan wasa. Sannan ka tsai da magana a kan karin harshe tun yanzu: in a Sakkwato labarin yake, tsohuwar ƙauye ba za ta yi Kananci ba, "wanga" da "wagga" da "mi kaka so" za su fito daga bakinta. Ɗan boko a ofis na iya sassautawa. Abin da ke ɓata fim shi ne uwa na Sakkwatanci, ɗanta da bai taɓa barin gida ba yana magana kamar ɗan Fagge.

Ka tara mutum shida ko bakwai, a raba matsayi, a karanta rubutun da ƙarfi daga farko har ƙarshe, kai kuma ka yi shiru da agogo a hannu. Duk inda wani ya fara duba waya, ka sa alama. A gayyaci marubucin littafin wannan zama. Jin maganarsa a bakin mutane kan sa ya yarda da yankan da da zai ƙi.

6. Tace siyasa kafin a kashe ko sisi

Ka ƙirƙiri jiha, ƙaramar hukuma, jam'iyya, tuta da take. Ba tsintsiya, ba lema, ba launukan da za a ce na wane ne. Ka duba sarautu da kyau: a Sakkwato kowace sarauta da mai ita a raye, da iyalansa. In ka kira mugun hakiminka da sarautar wani gari na gaske, ka yi wa mutum ƙazafi ko ba ka nufa ba. Haka kamanni: salon hula, irin gemu, wata kalma da aka san wani ɗan siyasa da ita. Rubuta "wannan labari ƙirƙira ne" a farkon fim ba ya kare ka in kowa ya gane wa kake nufi.

Inda littafin ya taɓa aya, hadisi ko hukuncin fiƙihu, ka kai wa malamin da ya san fannin ya duba lafazi da mahalli.

Hattara da kuɗin ɗan siyasa. Zai zo da fara'a, ya ce shi mai son ci gaban matasa ne. Ranar da ya ga fim zai nemi a cire fitowa ɗaya, kuma ita ce wadda aka yi fim ɗin dominta. In ka karɓa, a rubuta cewa ba shi da hannu a labari.

7. Kasafin kuɗi

Farashi na canzawa kowane wata, don haka ka riƙe hanyar lissafi. Fim mai yawan zance da ake son ya yi kyau, shafi biyar a rana ya isa. Shafi 100 ke nan kwana 20. Ka haɗa kuɗin rana ɗaya: hayar kyamara da fitilu da na'urar sauti, sallamar ma'aikata, abinci, ruwa da ƙanƙara, man janareto, motoci, masauki. Ka ninka da yawan kwanaki. A kai ka ɗora kuɗin haƙƙin littafi, lauya, 'yan wasa, sutura, editin, kiɗa, tacewa da talla, sannan ka ware kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana.

Abin da ke cinye kuɗin 'yan Sakkwato shi ne nisa. Yawancin manyan kayan aiki da fitattun jarumai suna Kano, tafiyar fiye da kilomita 500, kuma ranar zuwa da ta komawa duk kana biya. Ka tara fitowar baƙon jarumi a kwanaki a jere, sauran matsayi ka nema a gida: ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, tsofaffin 'yan wasan rediyo da talabijin, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Taron gangamin siyasa shi ne fitowa mafi tsada. Mutum 60 da kyamara a kusa, a ƙasa-ƙasa, da ƙarar taro da aka ɗauka daban, sun fi mutum 500 da ba ka iya ciyarwa ba.

Hattara: kada ka rage kuɗin sauti don ka ƙara na kyamara. Fim ne na magana. Hoto mai ɗan duhu ana yafe shi, muryar da ba a ji kuwa, ba a yafe ta.

8. Lokeshan da lokacin ɗauka

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Kyamara na ɗaukar zafi ta mutu, kwalliyar fuska na narkewa, 'yan wasa na gajiya kafin azahar. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, na canza sama tsakanin ɗauka da ɗauka. Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi, sai dai hazon hunturu na iya sa safiyar yau ta bambanta da ta jiya, ƙura kuma na shiga gilashin kyamara. Ka duba kalanda kada aiki ya faɗa cikin azumi ko makon zaɓe.

Tsofaffin unguwannin cikin gari, wajen Kanwuri da Ƙofar Rini, na da lunguna da zaurukan da ba sai an ƙawata su ba. Ofis kuwa ka ari na makaranta mai zaman kanta a ƙarshen mako, ya fi sauƙi a kan sakatariyar gwamnati, musamman in aka ji abin da fim ɗin ya ƙunsa. Ko'ina za ka fara da mai unguwa ko hakimi, ka sanar da 'yan sanda a rubuce, balle in akwai kakin jami'i ko bindigar wasa. Fadar Sarkin Musulmi da Hubbaren Shehu ba wuraren da ake kafa kyamara ba ne ba tare da izini na musamman ba. Jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi ma sai da izinin hukuma.

Ka ziyarci kowane wuri a daidai sa'ar da za ka yi ɗauka, ka rufe ido ka saurara: injin niƙa, 'yan kabu-kabu, janareton maƙwabci, makarantar allo. Ka tsara hutu a kan lokutan salla.

Hattara: kada kyan ƙauye ya ja ka gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, inda matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari. Ka nemi ƙauyen da ake zuwa a dawo gari kafin magariba, kuma ka tambayi mutanen wurin halin da hanya ke ciki a makon da za ka tafi.

9. Atisaye da ɗauka

Kwana uku zuwa biyar na atisaye kafin kyamara ta iso sun fi arha a kan maimaita ɗauka sau goma. Al'adar a miƙa wa jarumi takarda a lokeshan ya ƙara da nasa ba ta aiki a nan, domin hujja in aka canza mata kalma ɗaya ta rushe. Ɗan wasa ya haddace, sannan ya gaya maka da bakinsa abin da yake nema daga abokin maganarsa.

A fitowar muhawara, ka ba hannuwa aiki: ana alwala, ana ƙirga katin zaɓe, ana cin tuwo a kwano ɗaya. Ka ɗauki fuskar mai sauraro daidai yadda ka ɗauki ta mai magana. A wurin editin za ka ga rabin ma'anar tana can. Kowane mai magana da ƙaramin makirfo a ƙirji, ga na sanda a sama, sannan a ɗauki minti ɗaya na shirun ɗakin kafin a tashi. Mai kula da kwantiniti, wato daidaiton kaya da kamanni daga ɗauka zuwa ɗauka, ya riƙa ɗaukar hoton karin hula da naɗin rawani. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a ma'aji biyu, a ajiye su a wurare daban.

Hattara: liƙi da watsa takardun naira laifi ne a dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007. A fitowar rabon kuɗi ka nuna ambulan ko jakar leda.

10. Editin, gwaji, tacewa, fitarwa

Manhajar editin ta DaVinci Resolve na da sigar kyauta da ta isa wannan aiki, in kwamfutar na da ƙarfi. Haɗin farko zai yi tsawo. Ka fara yanka daga jawabai, musamman jimlar ƙarshe ta kowace fitowa, wadda galibi bayanin abin da aka riga aka gani ce. Kiɗa kaɗan, kuma wanda ka mallaki izininsa. Waƙar rawa da aka cusa don kasuwa za ta karya fim irin wannan gida biyu. In ana son waƙa, ga maroƙan ciyaman a gangami, tana cikin labari.

Ka nuna wa mutum goma da ba su karanta littafin ba, maza da mata, har da wanda bai yi boko ba. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Ka ce su ba ka labarin, sannan su faɗi ko Malam ya yi daidai. In suka kama gardama da juna, ka rufe editin. In duk bakinsu ya zo ɗaya, ka koma ka ƙara wa ɓangaren da ya faɗi ƙarfi.

Daga nan sai Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ta duba ta ba shi rukunin shekaru. In za ka haska ko ka sayar a Kano, ko ka yi aiki da 'yan wasan da ke da rajista a can, ka bi ta hukumar tace finafinai ta jihar, wadda ke aiki tun 2001. A 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango da dama saboda an sake su ba a kai mata ba. Ka riƙe takardar izinin marubuci a cikin fayil ɗin, domin tashar talabijin ko manhajar haska finafinai za ta nemi ganinta kafin ta saya.

Ka jera hanyoyin fitarwa daga mai biya zuwa na kyauta: haskawa da tikiti a zauren taro ko jami'a, sannan tasha irin Arewa24 ko manhajar biyan kuɗi, YouTube a ƙarshe. In a YouTube za ka dogara, tashar na buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin ta fara samun kuɗin talla, don haka a fara gina ta da tirela da hirar marubuci tun ana editin, a kuma sa fassarar Turanci da ta Faransanci a ƙasan hoto saboda masu kallo na kudu da na Nijar.